Jitar Da Aka Sace Tana Cikin Akwatinta

Sufeto bai kai ga rabin shayinsa na safe ba aka leƙo aka ce masa wata tsohuwa tana bakin kantar ofishin 'yan sanda, ta ƙi zama, ta ƙi tafiya, ta ce ita sai ta ga babba.

Ya fito ya same ta tsaye, 'yar siririya, tabarau a karan hanci, jaka a maƙale a hammata.

"Sannu da zuwa, Mama. Me ya faru?"

"Sata aka yi mini, ɗana."

"Me aka ɗauka?"

"Jitar marigayi mijina. Na kai ta shagon kayan kiɗa a sauya mata tsirkiya."

"Yanzu mai shagon ya ce ta ɓata ke nan?"

"A'a. Tana nan cikin akwatinta. Yanzun nan na baro ta."

Sufeto ya waiga ya dubi Saje, macen da suka daɗe suna aiki tare. Saje ta sunkuyar da kai, wai tana neman biro.

"Mama, jitar tana nan, ko an sace ta?"

"Duka biyun," in ji tsohuwar.

Da a ce wani ne, da Sufeto ya ba shi haƙuri ya ce ya je gida ya huta. Amma tsohuwar nan ba ta yi kama da wadda kanta ya kwance ba. Idonta a tsaye yake. Ya ɗauki hularsa.

A mota ta ba su labari. Mijinta maƙerin jita ne, da hannu yake sassaƙa su, irin waɗanda masu kiɗan jaz ke rububi. Duk ya sayar, ɗaya tak ya riƙe, kuma kafin ya rasu ya ce ta 'yarsu ce. 'Yar tana koyar da kiɗa a wani gari, ƙarshen mako za ta zo ta ɗauka. Tsirkiyoyin sun yi tsatsa, shi ya sa uwar ta kai shago, don kada yarinya ta buɗe akwati ta ga kamar an wulaƙanta abin ubanta.

Sufeto yana ji yana gyaɗa kai. Shi da kiɗa sai dai gaisuwa daga nesa. Rediyon motarsa ma labarai kaɗai ya sani.

Shagon yana kan wani titi mai cunkoso, tsakanin kantin magani da wurin gyaran waya. Ciki sanyi, ga ƙamshin katako da man goge kaya. Jitoci a rataye jere a bango, ganguna a lungu. Mai shagon ya taho da tumbinsa da murmushinsa, murmushin ya fi ƙarfin gaisuwa.

"Ranka ya daɗe, ai da ba a wahalar da ku ba. Mama ce ta ruɗe, ka san tsufa."

"Buɗe akwatin."

Ya buɗe. Ko Sufeto da bai san kan abin ba sai da ya ɗan ja numfashi. Jita ce babba, launin zuma, gefenta ya ƙone zuwa ja. Fuskarta ba a shafe take ba kamar sauran, ta yi tudu a tsakiya ta gangaro gefe, da huda biyu dogaye masu lanƙwasa.

"Leƙa ta hudar nan, Yallaɓai," in ji mai shago. "Ka ga tambarin marigayi? Wa zai iya kwaikwayon wannan?"

Sufeto ya leƙa. Tambari kam yana nan, an ƙona shi a jikin katakon.

"Mama, tambarin mijinki ne?"

"Nasa ne."

"Aikin hannunsa ne?"

"Aikinsa ne."

"To, ai shi ke nan."

"Ba ita ba ce."

Ta ajiye jakarta, ta kama wuyan jitar, wato dogon katakon da tsirkiyoyi ke bi ta kansa. Ta zagaye shi da babban yatsa da na tsakiya. Yatsun suka haɗu.

"Tun yana raye ni ke goge ta. Yatsuna ba su taɓa haɗuwa a wuyanta ba, kullum da saura. Yau sun haɗu. Ko hannuna ne ya yi tsawo da tsufa?"

Saje ta yi tari don ta ɓoye dariya. Mai shago bai yi dariya ba.

"Biyu ya yi daga itace ɗaya," tsohuwar ta ci gaba. "Launi ɗaya, girma ɗaya. Yana kiransu Yaya da Ƙanwa. Yaya mai kaurin wuya ce, ita ya riƙe. Wannan Ƙanwa ce."

"Wa ya sayi Ƙanwar?"

"Ban sani ba, ɗana. An daɗe ƙwarai, kuma ba ya sa ni a cinikinsa."

Sufeto ya juya ga mai shago. "Ka san da wata Ƙanwa?"

"Yau na fara ji, wallahi."

"A ce akwai ta. Wacce ta fi tsada?"

Mai shago ya sosa ƙeya. "In hannu ɗaya ne ya yi su, ai kusan duk ɗaya ne."

Nan kan Sufeto ya ɗaure. Ya kama ɓarayin mota, ya kama masu fasa kanti, ya taɓa kama wanda ya sace ƙofar gida ya bar kayan ciki. Amma ɓarawon da zai kwance doki ya ɗaure wani dokin a gurbinsa, har da gyara masa linzami, bai taɓa gamuwa da shi ba.

"Tun da aka kawo ta, wa ya taɓa ta?"

"Ni kaɗai. Na sa tsirkiya, na mayar, na rufe."

"An fasa ƙofa? Taga?"

"Ko ƙusa ba a taɓa ba."

Saje, wadda ta zagaya bayan kantar shagon, ta ɗaga murya. "Yallaɓai, zo ka ga."

Wani ɗan ɗaki ne, an manna soso a bangonsa don kada ƙara ta fita. Kujera ɗaya a tsakiya, ƙarfen ɗora waya a gabanta, lasifika a gefe. Jikin bango an jera mazaunin jita guda huɗu, duk babu komai a kai. Saje tana riƙe da wani baƙin ƙyalle, an ƙulle shi daidai kan mutum.

"Wannan fa? Wasan ɓuya kuke yi a shagon?"

Murmushin mai shago ya fara tsinkewa. Ya kalli ƙyallen, ya kalli tsohuwar, ya share goshi.

"Gwaji ne kawai, ranka ya daɗe. Jiya da rana. Irin jitar nan ba kullum take shigowa shago ba. Na ce bari in kwatanta ta da biyu masu tsada da nake da su, in ɗauka a waya. Ana rufe wa makaɗi ido, a miƙa masa, ya faɗi abin da ya ji."

"Na ce maka kada kowa ya taɓa ta!" in ji tsohuwar.

"Mama, ki yafe ni. Ƙwararru ne, ba 'yan koyo ba."

"Su wa?" in ji Sufeto.

"Malamin makarantar kiɗa, da Dogo, mai kaɗa jita a babban otal."

"Jita nawa kuka gwada?"

"Uku. Nawa biyu, da ta Mama."

"Mazauni huɗu nake gani."

"Ɗayan dama can a nan yake zaune."

"Kawo wayar."

Suka sa aka mayar da tsohuwar gida, su kuma suka zauna a ɗakin gwajin suka kunna hoton. Kujera kaɗai wayar ta kama. Wani dattijo mai furfura yana zaune, ido a ɗaure, ana miƙo masa jita daga gefe.

Ta farko fara ce sol. Malamin ya kaɗa, ya karkata kai. "Tsaf-tsaf, ba ta kuskure. Amma muryarta da sanyi, kamar ma'aikacin banki yana gaishe ka."

Ta biyu launin zuma ce. Yatsunsa suka ruga sama suka dawo. "Kai! Wuya kamar siliki, tsirkiya a kwance, hannu ba ya gajiya. Murya mai haske. Sai dai ba ta jimawa, ta faɗi abin da ka ce ta faɗa, ta yi shiru."

Ta uku baƙa ce. "Wannan 'yar lantarki ce. Da lasifika sarauniya ce, kashe lasifikar ka ji ta koma katako."

Ta huɗu, launin zuma kuma. Malamin ya kaɗa sau ɗaya ya tsaya cik. Ya sake kaɗawa a hankali. "Wuya da kauri, tsirkiya a sama, sai ka yi kokawa da ita. Amma ji ƙasanta. Da duhu, da ɗumi, a bushe kuma. Kashe lasifikar nan, ba ta bukatarta."

Sufeto ya tsayar da hoton.

"Saje, murya tana duhu?"

"Ban sani ba, Yallaɓai."

"Kuma ta yi ɗumi, ta bushe. Jita ce ko tufafin shanya?"

Ya mayar da hoton baya, ya kalli ta biyu, ya kalli ta huɗu. A idonsa abu ɗaya ne. Ya sa kunne iyakar ƙoƙarinsa, a kunnensa ma abu ɗaya ne.

"Ka ce uku. Na ƙirga huɗu."

"Sau biyu na miƙa masa ta Mama," in ji mai shago da sauri. "Don in gwada kunnensa. Ka ga kuwa ya faɗi, ya ce siliki, ya dawo ya ce kauri."

Maganar ta shiga, kuma ba ta shiga ba. Sufeto ya ci gaba da kallo.

Dogo ya zauna, mutum ne da sunan ya dace da shi, gwiwoyinsa sun kusa taɓa haɓarsa. Aka ɗaure masa ido, aka miƙa masa mai launin zuma. Ya kaɗa. Bai ce komai ba. Ya ci gaba da kaɗawa a hankali, kansa ya sunkuya har kumatunsa ya kusa kwanciya a jikin katakon. Aka ji muryar mai shago yana cewa, "To, me ka ji?" Dogo ya yi kamar an tashe shi daga barci.

"Wuya kamar taɓarya. Ko kyauta ba na so. Karɓi abinka."

Hannu ya miƙo daga gefe zai karɓa. Dogo bai saki ba. Nan wayar ta yi ƙara, hoton ya yanke.

"Kira ne ya shigo," in ji mai shago. "Na fita waje na amsa, hayaniyar kaya ce da ke hanya. Da na dawo sun ce sun gaji, muka tashi."

Suna fita babban jami'in ofishinsu ya bugo wa Sufeto, yana tambayar me zai rubuta an sace.

"Jita, ranka ya daɗe."

"An gano ta?"

"Tana cikin akwatinta."

"To, an rufe magana ke nan?"

"A'a, ranka ya daɗe. Yanzu muka fara."

Sai aka kashe wayar.

Makarantar kiɗan tana saman wani bene, ɗakuna ƙanana a jere, kowanne da irin hayaniyarsa. Malamin ya karɓe su a ofishinsa. Bango cike da takardun yabo da hotunansa a kan dandamali. Ya zauna a miƙe, sandarsa tsakanin ƙafafu.

"Malam, jita nawa aka miƙa maka jiya?"

"Idona a rufe yake, Sufeto."

"Hannunka a buɗe yake. Mai shago ya ce ya ba ka guda ɗaya sau biyu, ka yabe ta da santsi, ka dawo ka ce kauri."

Fuskar malamin ta motsa, kamar wanda aka taka wa ƙafa a cikin taro.

"In ya ce haka, haka ne. Tsufa ne. Kunnen ya tafi, hannun ma ya fara bin sa."

"Ka taɓa jin marigayin ya yi tagwayen jita?"

"Ban sani ba."

"Ka je da taka jitar jiya?"

"Da sandata na je, da ita na dawo."

"Da mai shago ya fita amsa waya, ina kake?"

"Bayi na zagaya."

Sufeto ya rufe littafinsa. Zai miƙe ke nan malamin ya ɗaure fuska, ya ɗaga sanda ya bubbuga bango.

"Ke! Tsirkiya ta uku ta sauka! Tun ɗazu kike cutar mana da kunne!"

Kiɗan da ke ɗakin maƙwabta ya tsaya. Aka ji ana ɗaure tsirkiya, ƙararta na hawa kaɗan-kaɗan.

"Ya isa! Nan!"

Sufeto ya koma ya zauna. Shi dai bai ji abin da ya sauka ba, bai ji abin da ya hau ba. Amma ya san abin da ya gani.

"Malam, kunnen da ya tafi ne ya jiyo wannan ta cikin bango?"

Malamin ya kalli sandarsa.

"Mutum irinka, da takardun nan a bango, a ce masa ya kasa bambance jita ɗaya, ya amsa ba gardama? Wa kake rufa wa asiri?"

"Ni ban ga komai ba," in ji malamin a hankali. "Kuma ba za ka ji sunan kowa a bakina ba. Akwai wanda tun yatsunsa ba su kai tsirkiya ba nake koya masa."

"Biyu ne ko ɗaya?"

Malamin ya ɗago kai. "Ban taɓa kuskuren jita ba a rayuwata. Iyakar abin da zan ce ke nan."

A matakala Saje ta ce, "Yallaɓai, biyu ne ke nan. Mai shago ya yi ƙarya, malam ya yi ƙarya."

"Kowa ƙarya yake, ban da tsohuwar da maganarta ta fi kama da ƙarya." Ya tsaya ya riƙe ƙarfen matakala. "Abin da ban gane ba, Dogon nan ya ce ko kyauta ba ya so."

"Ka taɓa raka matarka kasuwa?"

"Me ya kawo wannan?"

"Zanen da ta fi kushewa, shi take komowa gida da shi."

La'asar ta yi lokacin da suka isa otal. Zauren cin abinci babu kowa, an kifa kujeru a kan tebura, wani yana goge ƙasa. A ɗan dandamalin da ke ƙurya makaɗa na gwaji. Dogo yana zaune da jita mai launin zuma a cinyarsa.

Suka tsaya daga baya. Kiɗan ya fara a hankali, mawaƙiyarsu ta lumshe ido tana bi. Da mai ganga ya ƙara sauri sai jitar ta yi tuntuɓe, ta tsallake, ta tsaya. Dogo ya yarfe hannunsa na hagu yana cije leɓe. Aka sake, aka kuma tsayawa a wuri ɗaya.

Mawaƙiyar ta sauko shan ruwa tana tsaki. Sufeto ya tare ta, ya nuna katinsa.

"Jitar nan tasa ce?"

"Tun da na san shi da ita na san shi."

"Haka yake kaɗawa kullum?"

"Ina! Dogo fa? Mutumin da yatsunsa ke gudu kamar zomo? Ni dai ban gane masa ba tun jiya. Muryar jitar ta yi daɗin da har na manta baitina, amma da an ce a yi sauri sai ka ce yau ya fara koyo. Na tambaye shi, ya ce sabuwar tsirkiya ce."

Sufeto ya raɗa wa Saje ta ɗauki mota ta taho da tsohuwar, ta biya shago ta karɓo akwatin, ta haɗo da mai shagon. Shi kuma ya ja kujera ya zauna gaban dandamali.

"Kai ne Dogo?"

"Ni ne, Yallaɓai."

"Jiya ka je gwaji a shago. Da jitarka ka je?"

"Hannu rabbana na je. Ai nasu za a gwada."

"Wa ya ƙera wannan?"

"Wani tsoho ne, ya rasu."

"Mijin matar da aka gwada jitarta?"

Dogo ya gyara zama. "Mai yiwuwa. Ya yi da yawa."

"Yaya ka ji tata?"

"Ba ta yi mini ba. Murya ce kawai, hannu ba ya tafiya a kanta. Jitar da za ta karya maka yatsu me za ka yi da ita?"

"Me ya sami hannunka?"

"Sanyi ne."

"A wannan zafin?"

Dogo ya kau da kai. Ya rungume jitar da hannu biyu, kamar wanda aka ce za a karɓe masa jariri.

Sufeto ya zauna yana kallonsa, a ransa yana lissafin abin kunyar da zai sha in ya yi kuskure. Ba shi da sawun yatsa, ba shi da ƙofar da aka fasa, ba shi da wanda ya gani. Me zai gaya wa alƙali? Cewa wata jita tana da duhu, wata tana da haske? Shi kansa da za a ɗora masa wuƙa a wuya ba zai iya nuna wacce ce wacce ba.

Saje ta shigo riƙe da akwati, tsohuwar na biye, mai shago a ƙarshe yana jan ƙafa. Aka buɗe akwatin a kan tebur. Mai ganga ya leƙo, ya kalli ta cikin akwati, ya kalli ta hannun Dogo, ya ce, "Ikon Allah!"

"Mai shago," in ji Sufeto, "har yanzu yau ka fara jin labarin Ƙanwa?"

Mai shago ya dubi jitocin biyu, ya ga babu sauran wurin ɓuya. "Ni na ce ya zo da tasa, ranka ya daɗe. Na so in haɗa su a hoto ɗaya. Da Mama ta zo da safe ta ce ba ita ba ce, sai gabana ya faɗi. Na ce in maganar ta fita, wa zai sake kawo mini kayansa? Na ga ai kusan duk ɗaya ne."

"A wurinka," in ji tsohuwar.

Ta hau dandamalin da kanta, ta ƙi hannun da Saje ta miƙa mata. Ta tsaya gaban Dogo. Zaune yake, amma kansu ya zo daidai.

"Ba ni in gani, ɗana."

Bai ba ta ba, bai kuma hana ta ba. Ta zagaye wuyan jitar da yatsu biyu. Da saura, kusan faɗin yatsa guda.

Makaɗan suka zuba ido. Mai goge ƙasa ma ya tsaya.

Dogo ya sassauta hannunsa. Da ya yi magana, da tsohuwar yake yi, ba da Sufeto ba.

"Ranar da na je sayenta, Mama, duka biyun ya ajiye mini a kan benci, ya ce in zaɓa. Ina da ƙuruciya, gudu nake so, in kaɗa mutane su yi ihu. Na taɓa Yaya na ji ta yi mini nauyi, na ɗauki Ƙanwa. Ya ce, 'Da hannu ka zaɓa, ba da kunne ba. Za ka dawo.' Na yi masa dariya."

"Ka dawo?"

"Na dawo, ba sau ɗaya ba. Ya ce ya riga ya yi wa Yaya miji." Ya shafa gefen jitar. "Jiya da aka sa mini ita a cinya, ido a rufe, na kaɗa sau ɗaya na ji abin da nake nema a Ƙanwa duk tsawon shekarun nan ban samu ba. Mai shago ya fita. Akwatuna biyu a buɗe a gabana. Ban shirya ba, wallahi. Na ce ai ban bar ku hannu wofi ba, na bar muku wadda ta ciyar da ni, ta aurar da ni."

"Malam ya gani?" in ji Sufeto.

"Ya shigo ina rufe akwati. Bai ce komai ba. Da muka fito ya buga sandarsa a jikin akwatin, ya ce, 'Ba za ka iya da ita ba.' Ya tafi." Dogo ya kalli hannunsa na hagu, ya yi wata 'yar dariya mara daɗi. "Kuma gaskiyarsa. Hannuna ya saba da sauƙi. Na samu muryar, na rasa yatsun."

"Yarinyar da aka bar wa ita fa?" in ji tsohuwar. "Tun tana rarrafe take jin muryar nan a ɗakin ubanta. Ka ɗauka ba za ta gane ba? Ta buɗe akwati ta kaɗa, ta ji ba shi ba ne, ta zaci ita ce ta manta muryar ubanta?"

Dogo ya sunkuyar da kai.

"Da ka zo ka tambaye ni mana."

Ya ɗago da sauri. "Da kin ba ni, Mama?"

"A'a."

Ta karɓi jitar daga cinyarsa. Ta yi mata nauyi, Saje ta tallafa.

Sufeto ya miƙe. Ya ciro ankwa, ya kalli dogayen yatsun mutumin da suka kumbura a gaɓoɓi, ya mayar da ita aljihu.

"Tashi mu je, Dogo. Kai ma mai shago, biyo mu, akwai bayanin da za ka sake rubutawa, na gaskiya wannan karon."

Ya gaya wa tsohuwar cewa dole jitocin biyu su kwana a ofis a matsayin kayan shaida, amma zai yi ƙoƙari a sallamar mata da tata kafin 'yarta ta iso. Saje ta kwantar da su gefe da gefe a kan tebur, ta fito da takardar manne.

"Yallaɓai, wacce zan rubuta wa 'wadda aka sace'?"

Sufeto ya buɗe baki, ya kalli ta dama, ya kalli ta hagu. A ɗan motsin da aka yi har sun sake rikice masa.

"Tambayi Mama," ya ce.

Suka nufi ƙofa, Dogo a gaba, sai da ya sunkuya kafin ya wuce. Mawaƙiyar ta kira sunansa, bai waiga ba. Sai da suka kai bakin mota ya tsaya, ya juyo wurin Saje da ke fitowa da akwatunan.

"Don Allah, 'yar'uwa, kada a jingina ta da bango, kada a ajiye ta kusa da taga. Rana tana fasa mata fenti. In za ta daɗe a can, a ɗan sassauta mata tsirkiya."

"Wacce daga ciki?" in ji Sufeto.

Dogo ya kalli akwatunan biyu. Idonsa ya tsaya a kan tsohon akwatinsa, mai gogaggen hannu da tabon tafiye-tafiye, wanda aka mayar da Ƙanwa ciki.

"Tawa," ya ce. "Ba ta taɓa kwana a wani wuri ba tare da ni ba, sai jiya."

Ya naɗe ƙafafunsa ya shiga bayan motar, Sufeto ya rufe ƙofa.